Fim ɗin tsoro mai araha, da ɗakin kallon da Maradi ta rasa

A shekarar 2006 wani mai rubuta manhajar kwamfuta da ake kira Oren Peli ya ɗauki fim a cikin gidansa, a birnin San Diego na Amurka. Abin da ya kashe wajen ɗaukar bai wuce dalar Amurka 15,000 ba, kuɗin da bai kai miliyan 10 na sefa ba. Akwai alhazai a garin nan da suke zuba fiye da haka a mota guda. Labarin kuwa ba wani dogo ba ne: saurayi da budurwarsa suna jin motsi a gida da dare, sai suka kafa kyamara a ɗakin kwana su ga abin da ke faruwa idan barci ya ɗauke su. Ƙofa ta ɗan matsa da kanta, mayafi ya janye, sawun ƙafa ya fito a kan hodar da aka barbaɗa a ƙasa. Da kamfanin Paramount ya baza fim ɗin, mai suna Paranormal Activity, a gidajen sinima a 2009, ya tara fiye da dalar Amurka miliyan 190.

Ba shi ya fara ba. A 1999 an fitar da The Blair Witch Project, wanda ɗaukarsa ba ta ci fiye da dalar Amurka 60,000 ba, matasa uku da kyamara a hannu sun ɓace a daji, ya tara kusan miliyan 250, kuma daga farkonsa har ƙarshensa ba a nuna fuskar abin da ke bin su ba ko sau ɗaya.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin a ganina ya shafe mu fiye da yadda ya shafi Amurkawa. Duk lokacin da aka zauna hirar fim a fada, da an ce me ya sa Maradi ba ta yin fim ɗin da za a kalla a Yamai da Kano da Agadas, amsar guda ce: babu kuɗi. Gaskiya ne ga fim ɗin yaƙi, da na tarihi mai buƙatar dawaki ɗari da kayan sarauta. Amma akwai nau'i ɗaya da rashin kuɗi yake ƙara wa ƙarfi, shi ne fim ɗin ban tsoro, kuma shi muka fi wulaƙantawa.

Wanda ke da kuɗi, idan labarinsa ya zo kan dodo, sai ya kira masu kwamfuta su ƙera masa dodo, da haƙora da farata da komai. Ranar da ɗan kallo ya ga dodon nan tsaye a haske, rabin tsoron ya tafi, saboda ido ya auna shi, ya san tsawonsa da inda ya ƙare. Wanda ba shi da kuɗi dole ya ɓoye. Sai ya nuna maka zaure babu kowa, ya bar kyamara a kansa har ka gaji da jira, sannan ka ji an ja takalmi a bayan katanga. A nan ɗan kallo ne da kansa yake ƙera abin, da kayan da ke cikin kansa tun yarinta, kuma kowa abin da ya fi tsoro yake ƙerawa. Kakanninmu mata sun san wannan dabara sarai. A tatsuniya ba a tsayawa siffanta Dodo daga kai zuwa ƙafa. Murya kawai tsohuwa za ta sauke, ta ja numfashi, ta ce yana jin warin mutum, sai ka ga yara sun matso jikinta. Duhun tsakar gida ne yake ƙarasa mata aikin.

Shi ya sa nake cewa yawancin aikin wannan fim a kunne yake. Ka kashe sautin kowane fim ɗin tsoro ka kalle shi, za ka ga mutum ne kawai yake tafiya a hankali cikin soro. Ka mayar da sautin, tsikar jikinka za ta tashi. Masu yin sa sun san shiru ya fi kiɗa aiki: a ɗauke kukan gyare da haushin karnuka da duk abin da kunne ya saba ji da dare, sai zuciya ta fara tambayar me ya sa komai ya yi tsit. Suna kuma sa wani gurnani can ƙasa-ƙasa wanda kunne ba ya kama shi sosai amma ƙirji yana jin sa. Duk wannan ba ya cin miliyoyi. Makirufo mai kyau yake so, da mutum mai haƙuri wanda zai kwana yana naɗar ƙarar ƙofar langa-langa har ya samu wadda ta dace.

Sai maganar fuska. Idan ka ga Ali Nuhu a farkon fim, ka san ba a biya shi don ya mutu a minti goma na farko ba, hankalinka kwance yake a kansa. Mai ƙaramin jari ba ya iya ɗaukar tauraro, sai ya kwaso yaran da ba wanda ya sani, kuma tun da ba ka san su ba, ba ka san wanda zai kai ƙarshe ba. Masu The Blair Witch Project sun kai abin har suka riƙa baza sanarwa cewa ƴan wasan nan uku sun ɓace da gaske, mutane da yawa kuma suka yarda. Hoton ma da yake rawa, duhu ya cinye rabinsa, shi ya ƙara masa kama da gaskiya. Yau wannan ya fi tasiri, domin idonmu ya saba da bidiyon WhatsApp: duk abin da aka ɗauka da hannu mai karkarwa, mun fi saurin gaskata shi a kan wanda aka gyara ya yi fes.

Akwai kuma lissafin ɗan kasuwa, wanda ba sai an yi wa ɗan Maradi dogon bayaninsa ba. Kamfanin Blumhouse na Jason Blum ya gina kansa a kan wannan: a kashe kaɗan, a biya ƴan wasa mafi ƙarancin lada tare da alkawarin kaso idan an ci riba, a sakar wa darakta mara ya yi abin da ya ga dama. In fim ya faɗi, asarar ba ta karya kowa. In ɗaya ya tashi, ya biya na goma. Da haka aka yi Get Out a 2017 da dalar Amurka miliyan 4 da rabi, fim ɗin tsoro da ya tono wariyar launin fata, ya tara fiye da miliyan 250, marubucinsa Jordan Peele ya karɓi kyautar Oscar. Maganar da mai babban jari zai ji tsoron faɗa kada ya kori masu saye, mai ƙaramin jari yana faɗar ta.

To amma duk wannan nasara a ɗakin kallo aka same ta, cikin taron jama'a, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Lokacin da Paramount za ta tallata fim ɗin Oren Peli, ba fim ɗin ta fi nunawa ba. Ƴan kallo ta ɗauka a cikin duhun sinima, suna zabura, suna rufe ido, wata ta ƙanƙame ta kusa da ita. Sun gane abin da ake saye da tikitin. Tsoro yana yaɗuwa tsakanin mutane kafin ma su san dalili: mutum guda ya ja numfashi a layin gaba, sai layin baya duka ya ɗauke wuta. Ihu ya tashi lokaci guda, bayansa dariya ta ɓarke, dariyar mutanen da suka ga kowa ya firgita, har da ƙaton da ya shigo yana cika baki. Kuma a ɗaki ba ka da ikon tsayar da fim. Ba ka kunna fitila, ba ka tura shi gaba. Ka ba da kanka na awa ɗaya da rabi.

Manyanmu sun san wannan daɗin. Gidajen sinima na da, irin waɗanda ba su da rufi, sai an yi magariba duhu ya sauka sannan a haska bango, sun tara ƴan garin nan shekara da shekaru suna kallon Indiya da kaboyi da ƴan Sin masu faɗa. Bidiyo ta zo ta kwashe musu jama'a, faifai ya biyo baya, waya ta ƙarasa. Gidajen kallon da suka rage a unguwanni, daga Zariya zuwa Sabon Gari, ƙwallon Turai ne abincinsu, sai fassarar fina-finan Indiya. A Yamai an buɗe gidan sinimar CanalOlympia a 2017. Mu nan, birnin da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa, yaro yana zuwa wurin masu turi a zuba masa fim a waya, su haɗa kai su biyar a bakin shayi suna leƙen allo kamar tafin hannu. Ana cikin wurin da ya kamata numfashi ya tsaya, sai kira ya shigo, ko ɗan kabu-kabu ya wuce da hon. Fim ɗin da aka gina a kan shiru da duhu ba ya rayuwa a haka. Kuma duk da haka suna nemansa, suna tura wa juna, wanda ke nuna cewa masu saye suna nan.

Wani zai ce, kuma an sha faɗa mini, mutanen jihar Maradi tsoro ne ya yi musu kaɗan da za su biya kuɗi su saye shi? Ba na ɗaukar wannan tambaya da wasa. Wanda yake da dangi a ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Runji, kusa da iyaka, ya san abin da ake nufi da kwana da kunne a buɗe saboda ƴan bindiga, ya san yadda gida ke zama idan an ɗauke mutum ana jiran kiran waya. Wannan tsoro ba shi da lokacin tashi, kuma ba a hirarsa da daɗi, yana rufe baki ne. Na fim daban yake. Jiki yana amsa shi kamar na gaske, zuciya ta buga, tafin hannu ya jiƙe, amma can ƙasan hankali ka san kana kan benci, ka san za a kunna fitila. Idan aka kunna, sauƙin da ke sauko wa mutum shi ne abin da ya biya. Ya ji tsoro, ya ga ƙarshensa, ya fito da ƙafarsa tare da abokai suna ba juna labari. Ga mutanen da suke ɗauke da fargabar da ba su san ranar ƙarewarta ba, ban ga laifin su samu wadda ke ƙarewa cikin dare ɗaya ba.

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Fim ɗin tsoro mai kyau karya wannan yake yi, ya shigo da dajin cikin ɗaki, ya sa gadon da kake kwana a kai ya zama wurin da ba ka yarda da shi ba. Mu kuwa kayan wannan aiki a zube suke. Wane yaro ne a garin nan ba a hana shi zama bakin ƙofa da magariba ba, ko zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba? Wa bai san wata tsamiya ko kuka da ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana ba? Ga gulbi, wanda ambaliyarsa ta 1945 ta sa aka tashi garin daga kwari aka hau tudu, da duk labaran da tsofaffin Bagalam da Mokoyo suke bayarwa a kansa. Ga tsohuwar rijiya a gidan da magada suka kasa rabawa. Ga ƴan mata da suke faɗuwa a aji ɗaya bayan ɗaya, abin da makarantu da dama a ƙasar nan suka gani, iyaye na cewa iska, likita na cewa wani abu daban, yarinyar kuma ba wanda ya tambaye ta. Ga raɗe-raɗin da ke bin duk wanda ya yi kuɗi dare ɗaya. Wannan na ƙarshe ma shi ya haifi kasuwar fim ta kudancin Najeriya: Living in Bondage na 1992, wanda aka ɗauka da kyamarar bidiyo, labarin mutumin da ya ba da matarsa don ya yi arziki, fatalwarta ta hana shi sakat. A ƙasarmu ma Mustafa Alasan ya taɓa wannan fage tun shekarun 1970 da Toula, labarin yarinyar da aka miƙa wa aljanin ruwa don fari ya kau.

Me muka yi da wannan gado? Tun da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano a 1990, aljani bai daina fitowa ba, sai dai yadda yake fitowa ne abin takaici. A shafa wa mutum farar hoda, a ja masa baƙi a ido, a sa masa murya mai amsa-kuwwa yana ƙyaƙyata dariya. Wuta ta fito daga tafin hannu, irin wadda ko yaron firamare ya san kwamfuta ce. Ya ɓace fat, ya bayyana fat. Ƴan kallo suna dariya tun daga farko, kuma ba irin dariyar da na ambata ɗazu ba. Kuskuren shi ne ana ƙoƙarin kwaikwayon mai kuɗi da aljihun talaka, alhali talaucin ne ya kamata ya koya mana ɓoyewa. Da an bar aljanin nan a bayan labule, an nuna mana fuskar matar gida kawai lokacin da ta gane muryar da ke kiran sunanta daga waje ta mijinta ce, shi kuwa ga shi kwance kusa da ita yana barci, da ba wanda zai yi dariya.

Na san inda babbar turjiya take. Sinima ba ta da suna mai kyau a ƙasar Hausa tun fil azal. Gobarar gidan sinimar El Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci fiye da mutum 300, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin hukunci, kuma a 2016 ma an fasa gina ƙauyen fim a Kano bayan malamai sun ƙi. Maradi gari ne na malamai da almajirai, ba za a yi abin da zai ɗore a nan ba tare da an saurare su ba. Damuwarsu kashi biyu ce: cakuɗuwar maza da mata cikin duhu, da wasa da al'amarin gaibu. Ta farko tsari ne ke maganinta. Ta biyu kuwa, mu dubi ƙasashen Musulmi da suka riga mu. Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, fim ɗin tsoro ne ke riƙe da gidajen sinimarta, kuma a 2022 wani fim kan ɗaliban jami'a da suka je aikin ƙauye suka taka dokar wurin ya sayar da tikiti wajen miliyan 10. Turkiyya tun 2006 take fitar da fina-finan aljanu masu ƙaramin jari. Ba a rasa saɓani ba: a 2024 malaman Indonesiya sun yi tir da tallar wani fim da ta yi wasa da siffar salla, aka janye tallar, aka sake wa fim ɗin suna. Haka ya kamata. Akwai iyaka, kuma ni ma ina bayanta. Kada a mai da ayar Alƙur'ani kayan ado, kada a nuna boka ya fi ƙarfin addu'a, kada a bar yara ƙanana su shiga.

Ina da tawa iyakar da ba a cika ambata ba, kuma ta fi damuna. Kada fim ya nuna tsohuwa matalauciya mai zaman kaɗaici a matsayin mayya. A garuruwanmu wannan zargi ba wasa ba ne, yana raba mace da unguwarta, yana hana jikokinta aure. Haka mai farfaɗiya da mai taɓin hankali, waɗanda asibiti suke buƙata, bai kamata a mai da ciwonsu abin firgita jama'a ba. Ƴan bori ma, ko me mutum yake gani game da al'adarsu, maƙwabta ne da suke cikin tarihin Maradi da Tibiri tun kafuwarsu, ba dodanni ba. Marubuci mai ƙwazo ba ya buƙatar ɗora tsoro a kan mai rauni. Ya ɗora shi a kan wanda ya ci gadon marayu, ko wanda ya binne wani sirri a ƙarƙashin sabon bene.

Abin da nake roƙo ba gini mai hawa uku ba ne. Gidan matasa yana nan, makarantu suna da manyan ɗakuna da suke rufe daren Asabar. Majigi guda, farin bango, injin wuta saboda ɗaukewar lantarki, da lasifikoki masu kyau, domin in za a yi tsimi a ko'ina kada a yi shi a kan sauti. A yi na mata da rana a ɗaki mai rufaffun tagogi, na maza bayan isha'i, a tsayar da mai duba shekaru a ƙofa, ƙofofin fita kuma su kasance a buɗe ko da yaushe. Tikitin dala arba'in ko hamsin ba zai gagari saurayin da ke biyan kuɗin kallon ƙwallo ba.

Wannan ɗaki shi ne kuma zai ba mai fim abin da ya rasa. A yau da fim ya fita, kafin mako ya zagayo yana wurin masu turi, wanda ya zuba jarinsa yana kallo ana cin guminsa. Idan aka fara haska shi a ɗaki na makonni kafin ya shiga waya, kuɗin ƙofa nasa ne, kuma abin da ake sayarwa a ƙofar, wato firgita cikin jama'a, ba ya turuwa a waya. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da samarin da suke ɗaukar bidiyon biki suna da kyamarori da suka fi wadda Oren Peli ya yi aiki da ita. Su fara da gajere, minti goma sha biyar, gida ɗaya, ƴan wasa uku, dare ɗaya na hunturu da iska ke kaɗa ƙyaure. A haɗa guda huɗu a haska a zama ɗaya, mai fim ya zauna a layin baya ya saurari inda ɗakin ya yi tsit da inda aka fara duba waya, ya koma ya gyara na gaba.